Kashe binciken cikakken rubutu a rumbun bayanai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu rubuta manhaja da masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Gombe da Bauchi, musamman waɗanda aka miƙa wa manhajar asibiti, ta makaranta ko ta kantin magani bayan wanda ya rubuta ta ya bar wurin. Mun fi daɗewa a kan SQLite, injin rumbun bayanai mai ajiye komai a fayil ɗaya, domin shi ne a cikin manhajojin waya da ƙananan kwamfutocin ofis, kuma a nan ne kuskure ɗaya kan tafi da rubutun da ba a da kwafinsa.

Akwai maɓalli ɗaya da ake dannawa a kashe shi?

Babu. Binciken cikakken rubutu, wato neman kalma a cikin dogon rubutun da aka ajiye, wanda aka fi sani da FTS, abubuwa uku ne a haɗe, kowanne da mazauninsa. Akwai ɓangaren da ke cikin injin rumbun bayanan kansa, wanda ya san yadda ake yanka rubutu kalma-kalma. Akwai fihirisar da aka gina, wato jerin kowace kalma da lambobin layukan da ta fito a ciki, ita ce ke cin wuri a faifai. Sai kuma duk abin da ke ciyar da fihirisar ko yake tambayar ta: tirigogi, wato umarnin da ke tashi da kansu idan an shigar da layi ko an gyara shi, da umarnin nema da ke cikin manhaja, kamar `MATCH` a SQLite da MySQL, `@@` a PostgreSQL, `CONTAINS` a SQL Server.

Mai cewa yana so ya kashe FTS, galibi fihirisar ce ta dame shi, ko don fayil ya kumbura ko don shigar da bayanai ya yi nauyi. Ba kasafai ake buƙatar taɓa injin ba.

To da wanne zan fara?

Da kwafin ajiya, sannan ka bi daga sama zuwa ƙasa, kamar mai kwance rumfa: zana ake fara saukewa kafin a tumɓuke dirkoki. Ka fara gyara manhaja ta daina tambayar fihirisar, ka cire tirigogin da ke rubutu a cikinta, ka goge fihirisar, sai a ƙarshe ka cire ɓangaren injin in har akwai dalili. Kusan duk matsalolin da za a ambata a ƙasa daga juya wannan jeri suke tasowa.

Game da kwafin: a SQLite kada ka wadatu da jan fayil ɗin `.db` zuwa filashi alhali manhajar tana buɗe. Idan rumbun yana tsarin WAL, sababbin bayanai na iya kasancewa a fayil ɗin da sunansa ya ƙare da `-wal`, ba su koma babban fayil ba tukuna. Yi amfani da `sqlite3 asibiti.db ".backup kwafi.db"`, ko `VACUUM INTO 'kwafi.db'` idan sigarka ta kai 3.27.0. Bayan nan ka buɗe kwafin ka ƙirga layukan manyan tebura, ka ga sun yi daidai da na asali. A PostgreSQL `pg_dump` ne, a MySQL `mysqldump`.

Ta yaya zan gane ko rumbuna na SQLite yana amfani da FTS?

Tambayoyi biyu ne daban. Ko injin yana ɗauke da shi: `PRAGMA compile_options;` ka duba `ENABLE_FTS3`, `ENABLE_FTS4` ko `ENABLE_FTS5`. Ko fayil ɗinka yana amfani da shi:

`SELECT name, sql FROM sqlite_master WHERE sql LIKE 'CREATE VIRTUAL TABLE%';`

Duk teburin da ka ga `USING fts3`, `fts4` ko `fts5` a bayaninsa, shi ne. Za ka kuma ga wasu tebura masu sunansa da ƙarin wutsiya. Idan sunan teburin `takardu_fts` ne a FTS5, akwai `takardu_fts_data`, `_idx`, `_config`, `_docsize` da `_content`. A FTS3 da FTS4 sunayen su ne `_content`, `_segments`, `_segdir`, FTS4 ya ƙara `_stat` da `_docsize`. Waɗannan su ne teburan inuwa, a cikinsu fihirisar take. Kada ka goge su ɗaya-ɗaya da hannu. Za ka bar teburin FTS a lalace, har goge shi kansa ya zama aiki.

Abin lura: SQLite ɗin da kake bugawa a tagar umarni ba lallai ne shi ne wanda manhajarka ke amfani da shi ba. Python, PHP da Android kowanne na iya zuwa da nasa. Ka gudanar da `SELECT sqlite_version();` da wancan `PRAGMA` daga cikin manhajar kanta.

Idan na goge teburin FTS, rubutun zai tafi tare da shi?

Yana iya tafiya, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Ka karanta layin `CREATE VIRTUAL TABLE` da kyau ka nemi kalmar `content`.

Idan ka ga `content='takardu'`, asalin rubutun yana teburin `takardu`, teburin FTS fihirisa kawai ya riƙe. Goge shi ba ya taɓa komai.

Idan babu `content` ko kaɗan, teburin FTS yana riƙe da nasa kwafin rubutun a teburin inuwa na `_content`. A nan sai ka bincika: akwai wani tebur na yau da kullum mai ɗauke da rubutu iri ɗaya, ko kuwa nan ne kaɗai mazauninsa? Masu rubuta ƙananan manhajoji da yawa kan zuba bayanin likita ko sharhin malami kai tsaye cikin teburin FTS, ba tare da wani tebur a gefe ba. `DROP TABLE` a wannan hali yana share bayanan gaba ɗaya. Sai ka fara kwashe su:

`CREATE TABLE takardu (id INTEGER PRIMARY KEY, take TEXT, jiki TEXT);`
`INSERT INTO takardu (id, take, jiki) SELECT rowid, take, jiki FROM takardu_fts;`

Ka lura da `rowid` ɗin nan. Wasu teburan, misali na majinyata ko na ɗalibai, suna iya nuni zuwa takarda da wannan lambar. In ka bar sabon tebur ya raba sababbin lambobi, bayanin wani zai manne wa sunan wani, kuma babu saƙon kuskure da zai faɗa maka.

Idan kuma ka ga `content=''`, babu komai tsakanin alamomin, teburin bai taɓa ajiye rubutu ba, kalmomi kawai ya riƙe. Ba abin da za ka kwashe daga cikinsa, amma ka tabbata asalin rubutun yana nan a wani wuri in kana da niyyar sake gina fihirisar wata rana.

Mene ne matakan gogewar a SQLite?

Nemo tirigogi da duk wani abin da ya ambaci teburin:

`SELECT type, name, tbl_name FROM sqlite_master WHERE sql LIKE '%takardu_fts%';`

Yawanci tirigogi uku ne a FTS5, na shigarwa, na gogewa da na gyara. Za ka iya cin karo da `VIEW`, ko teburin `fts5vocab` ko `fts4aux` da aka rataya a kansa. Su ma a cire su. Rufe manhajar a duk kwamfutocin da ke taɓa fayil ɗin, sannan:

`BEGIN;`
`DROP TRIGGER takardu_ai;`
`DROP TRIGGER takardu_ad;`
`DROP TRIGGER takardu_au;`
`DROP TABLE takardu_fts;`
`COMMIT;`

Teburan inuwa za su tafi da kansu. Ka bi da `PRAGMA integrity_check;`, amsar da ake so ita ce `ok`. Sannan ka gwada abubuwa uku a manhajar da hannunka: shigar da sabon layi, gyara tsoho, goge ɗaya.

Malam, na goge teburin, yanzu manhaja ta ƙi karɓar sabon majinyaci, tana cewa `no such table: main.takardu_fts`.

Tirigogin ne suka rage. A jikin teburin `takardu` suke rataye, ba a jikin teburin FTS ba, don haka gogewar ba ta shafe su ba. Duk lokacin da aka zo shigar da layi sai tirigar ta tashi ta nemi teburin da babu, aikin gaba ɗaya ya faɗi. Bayananka lafiya lau suke. Gudanar da umarnin nema na sama, ka goge tirigogin da ya nuna. Idan babu tiriga kuma saƙon bai daina ba, to manhajar ce da kanta ke rubutu a tebura biyun, sai an gyara ta.

Na goge komai amma girman fayil bai ragu ko da kilobait ɗaya ba.

Haka SQLite yake. Shafukan da aka saki suna komawa jerin shafukan da ba kowa, a sake amfani da su nan gaba, amma fayil ɗin ba ya tsukewa. `PRAGMA freelist_count;` zai ba ka adadinsu; ninka da `PRAGMA page_size;`, wanda tun siga 3.12.0 yake bait 4096 in ba a canza ba, ka san nawa za ka samu. Shafi 50,000 ke nan kusan megabait 200.

`VACUUM;` ne ke mayar da wurin. Yana sake rubuta rumbun baki ɗaya, kuma yana iya buƙatar sarari a faifai har ninki biyu na girman fayil ɗin. Ba ya gudana idan akwai wani aikin rubutu a buɗe. A kwamfutar tebur da ba ta da batir, kada ka fara shi sai kana kan inbata ko janareto. An gina SQLite ya jure ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, amma hakan ya dogara da faifan ya faɗi gaskiya cewa ya gama rubutu, kuma filashi mai araha ba abin dogaro ba ne a nan. Kwafo fayil ɗin zuwa faifan kwamfuta ka yi aikin a can.

Akwai tarko ɗaya: `VACUUM` na iya sauya lambobin `rowid` na duk teburin da ba shi da ginshiƙin `INTEGER PRIMARY KEY` a bayyane. Idan akwai wata fihirisar FTS da ka bari mai dogaro da irin wannan tebur, sai ka sake gina ta bayan an gama.

Ina samun `no such module: fts5`, har `DROP TABLE` ya ƙi.

An buɗe fayil mai teburin FTS da injin da ba shi da FTS. Wannan kan faru idan an kai rumbun wata kwamfuta, ko an cire FTS daga injin kafin a goge teburin. SQLite yana buƙatar modul ɗin, wato ɓangaren injin da ke kula da FTS, ko don ya goge teburin, domin modul ɗin ne ya san teburan inuwarsa. Sauran teburan suna buɗuwa lafiya, sai dai ba a iya rubutu a wanda ke da tiriga mai taɓa FTS.

Hanya mafi tsafta ita ce ka ɗauki fayil ɗin zuwa injin da ke da modul ɗin, kamar `sqlite3` na tagar umarni da ake saukewa daga shafin SQLite, ka yi gogewar a can, ka dawo da shi. In rubutun kawai kake so ka ceto, teburin `takardu_fts_content` tebur ne na yau da kullum, ana karanta shi ba tare da modul ba. A FTS5 ginshiƙansa su ne `id`, `c0`, `c1`, bisa jerin ginshiƙan asali.

Akwai hanya ta ƙarshe, kuma a kan kwafi kawai ake yin ta: `PRAGMA writable_schema=ON;`, a goge layin teburin daga `sqlite_master`, a mayar da shi `OFF`, a rufe rumbun a sake buɗewa, sannan a goge teburan inuwa da `DROP TABLE`, a ƙare da `integrity_check`. Idan ya ƙi, tsarin kariya na `defensive` ne a kunne. Ba ma son wannan hanya, domin kuskuren harafi ɗaya a sharaɗin `WHERE` zai iya ɓatar da bayanin teburin da ba ruwansa.

Ina so injin kansa ya zama ba shi da FTS. Yaya ake yi, kuma yaushe ya dace?

Idan kai kake harhaɗa `sqlite3.c`, FTS ba ya shiga sai an roƙa. Cire `-DSQLITE_ENABLE_FTS3`, `-DSQLITE_ENABLE_FTS4` da `-DSQLITE_ENABLE_FTS5` daga umarnin harhaɗawa. FTS3 da FTS4 tare suke shiga tare suke fita. FTS5, wanda ya shigo a siga 3.9.0 a 2015, daban yake. Idan da `configure` kake aiki, duba `./configure --help`, domin wasu kunshin suna kunna shi da kansu.

Idan injin na tsarin kwamfutar ne ba naka ba, tun siga 3.30.0 ta 2019 akwai `sqlite3_drop_modules()`, wanda ke cire modul-modul daga haɗin da ka buɗe, ban da waɗanda ka lissafa a bari. Ka kula, ba FTS kaɗai yake ɗauka ba. Modul-modul irin su `json_each` da `rtree` ma za su tafi in ba ka sa su a jerin ba. `PRAGMA module_list;` zai nuna abin da ya rage.

Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne tsaro. A Disamban 2018 masu bincike na kamfanin Tencent suka bayyana raunin da aka kira Magellan a FTS3, wanda ya shafi har Chromium, tushen burauzar Chrome, aka toshe shi a siga 3.26.0. Haɗarin yana kan manhajar da ke barin baƙo ya gudanar da SQL ɗin da ya ga dama, ko take buɗe fayil ɗin rumbun da aka aiko daga waje. Idan manhajarka na karɓar fayilolin `.db` daga rassa a Kaltungo, Bajoga ko Dukku ta WhatsApp ko filashi, tana cikin wannan rukuni: sabunta injin, kunna `SQLITE_DBCONFIG_DEFENSIVE`, sa `PRAGMA trusted_schema=OFF`, sannan ka cire modul ɗin da ba ka amfani da shi. Manhajar kanti da ba ta buɗe fayil ɗin kowa sai nata, sabuntawa ta wadatar.

A Android fa, inda ake amfani da Room wajen sarrafa SQLite?

Cire ajin da ke da `@Fts4` ko `@Fts3` daga jerin tebura, ƙara lambar sigar rumbun, ka rubuta `Migration` da zai goge teburin FTS da tirigogin da sunansu ya fara da `room_fts_content_sync_`. Abin da muke roƙo a guje wa shi ne `fallbackToDestructiveMigration()`. Yana share rumbun wayar gaba ɗaya ya gina sabo. Ma'aikaciyar lafiya da ta yi kwanaki tana shigar da bayanai a ƙauyen da ba sabis, ba ta samu ta tura ba, sabuntawar farko za ta cinye aikinta.

A PostgreSQL na nemi ƙarin (extension) da zan cire ban gan shi a jerin da `\dx` ke nunawa ba.

Ba za ka gan shi ba. Tun siga 8.3 ta 2008 binciken rubutu ya shiga cikin injin kansa. Kafin nan ƙari ne mai suna `tsearch2`, wanda aka cire kwata-kwata a siga 10. Abin da za ka goge shi ne abin da aka gina a rumbunka. Nemo ginshiƙan:

`SELECT table_name, column_name FROM information_schema.columns WHERE udt_name = 'tsvector';`

Nemo fihirisa a `pg_indexes`, ka karanta `indexdef` na kowace. GIN ce nau'in fihirisar da aka saba yi wa binciken rubutu, amma ba kowace GIN ce ta rubutu ba, ana yin ta a kan ginshiƙin `jsonb` ma. Kafin gogewa duba `idx_scan` a `pg_stat_user_indexes` ka ga ko ana amfani da ita.

Jerin shi ne `DROP TRIGGER`, sannan `DROP INDEX CONCURRENTLY`, sannan `ALTER TABLE ... DROP COLUMN`. In ka goge ginshiƙin ka bar `tsvector_update_trigger`, kowace shigarwa za ta faɗi. `CONCURRENTLY` ba ya tare masu aiki, amma ba ya gudana tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`. Wurin fihirisar yana dawowa nan take. Na ginshiƙin kuwa sai an sake rubuta teburin, misali da `VACUUM FULL`, wanda ke kulle teburin har ga masu karatu. A rumbun makaranta kada a yi shi makon duba sakamako.

Wani abu da ke ruɗa mutane: idan ka goge fihirisar GIN kaɗai, umarnin `@@` zai ci gaba da aiki ba tare da ƙorafi ba, sai dai yanzu yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya. `EXPLAIN` zai nuna `Seq Scan`.

`DROP EXTENSION pg_trgm` ya ƙi. In sa `CASCADE`?

Kar ka yi gaggawa. Ƙin da ya yi taimako ne, domin saƙon yana lissafa abubuwan da suka dogara da ƙarin. Karanta jerin, ka goge su da hannu, ka sake gwadawa. `CASCADE` yana kwashe su duka ba tambaya, har da `VIEW` da duk abin da aka gina a kansa. Kowane rumbu a sabar kuma nasa daban ne, sai an bi su ɗaya-ɗaya.

Akasin haka ma yana faruwa. An saba naɗe `unaccent`, ƙarin da ke cire alamomin kan haruffa, cikin wani ƙaramin aiki a gina fihirisa a kai. PostgreSQL ba ya leƙa cikin jikin aikin da aka rubuta a matsayin zaren rubutu, don haka `DROP EXTENSION unaccent` zai wuce salin-alin, matsalar ta bayyana sai an zo shigar da layi na gaba. Nemi sunan ƙarin a ginshiƙin `prosrc` na `pg_proc` tukuna. Kuma kada ka cire kunshin daga sabar kafin ka cire ƙarin daga rumbu, in ba haka ba za ka ga `could not access file "$libdir/..."`. Idan ƙarin yana cikin `shared_preload_libraries`, cire sunansa a can kafin ka goge fayilolinsa, domin sabar ba za ta tashi ba.

MySQL da MariaDB, musamman a rumbun haya mai phpMyAdmin?

Nan ma ba ƙari ba ne, nau'in fihirisa ne. Cikin injinan ajiyar tebura na MySQL, MyISAM ya daɗe da shi, InnoDB ya samu a MySQL 5.6.

`SELECT table_name, index_name FROM information_schema.statistics WHERE index_type = 'FULLTEXT' AND table_schema = DATABASE();`
`ALTER TABLE kayayyaki DROP INDEX ft_suna;`

A phpMyAdmin yana ƙarƙashin tsarin tebur, a sashen fihirisa. Da zarar ka goge, duk `MATCH ... AGAINST` a teburin InnoDB zai dawo da kuskure mai lamba 1191, shafin nema ya mutu, don haka gyaran manhaja ne farko. InnoDB yana barin ɓoyayyen ginshiƙin `FTS_DOC_ID` bayan gogewa don kada ya sake gina teburin. Ba ya cutarwa. Idan Laravel ko Django ne suka ƙirƙiri fihirisar, cire ta ta fayil ɗin sauyin tsari nasu, in ba haka ba za ta dawo ranar da aka girka manhajar a sabuwar saba.

SQL Server?

Shi yana da abin da ya fi kama da maɓalli. `ALTER FULLTEXT INDEX ON dbo.Takardu DISABLE;` yana dakatarwa ba tare da gogewa ba. Don cirewa, `DROP FULLTEXT INDEX ON dbo.Takardu;` ga kowane tebur da `sys.fulltext_indexes` ya nuna, sannan `DROP FULLTEXT CATALOG`, wanda ba ya yiwuwa sai kundin ya zama fanko. Bayan nan ne za ka iya tsayar da hidimar `MSSQLFDLauncher`, ko ka cire kunshin `mssql-server-fts` a Linux. `CONTAINS` a teburin da ba fihirisa yana ba da kuskure 7601.

Dalilina shi ne binciken ba ya gano sunaye da kalmomin Hausa. Ba gara in kashe ba?

A mafi yawan lokuta saiti ne bai dace ba, kuma gyaransa ya fi kashewa sauƙi.

A MySQL, MyISAM ba ya sa kalmar da ba ta kai harafi 4 ba a fihirisa, InnoDB kuma 3. Ke nan a MyISAM Ali, Isa, ido da uwa duk ba za a same su ba. Ana gyarawa da `ft_min_word_len` ko `innodb_ft_min_token_size`, a sake tayar da sabar, a sake gina fihirisar. A rumbun haya ba ka da wannan iko, sai dai ka mayar da teburin InnoDB. MyISAM yana kuma watsi da kalmar da ta fito a rabin layuka ko fiye, in ba a tsarin `BOOLEAN MODE` ake nema ba. Asibitin da ke cikin garin Gombe, in aka nemi "Gombe" a ginshiƙin adireshi, zai iya dawo da babu.

A PostgreSQL, tsarin `english` yana zubar da kalmomin da Turanci bai ɗauka da muhimmanci ba, cikinsu akwai "so", "don", "can", "me", "in" da "an", waɗanda duk kalmomi ne masu ma'ana a Hausa. Yana kuma datse ƙarshen kalmomi bisa nahawun Turanci. Koma tsarin `simple`, ka sake cika ginshiƙin `tsvector`.

A SQLite FTS5, `unicode61`, mai yanka rubutu kalma-kalma, yana ɗaukar alamar ɗauri ta sama a matsayin rabuwar kalma, sai Jama'are ta zama "jama" da "are", sana'a ta zama "sana" da "a". In kuma aka miƙa Jama'are tsirara ga `MATCH`, kuskuren `syntax error` za a samu. Manhaja ta riƙa sa abin da aka rubuta cikin alamar zance mai biyu. Ana iya shigar da alamar cikin haruffa ta zaɓin `tokenchars`, amma ka tuna allon waya da na kwamfuta ba alama ɗaya suke bugawa ba, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya, sai manhaja ta daidaita su kafin ajiya. Haruffa masu ƙugiya ma haka: ƙ da k haruffa biyu ne daban a wajen injin, wanda ya rubuta "kasa" ba zai sami "ƙasa" ba. Maganin da ya fi aiki shi ne ƙarin ginshiƙi na nema kawai, inda aka mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b, a yi wa abin da mai nema ya rubuta irin wannan sauyi. Kuma a cire `porter`, mai datse ƙarshen kalmomi, in an sa shi, na Turanci ne.

Bayan na kashe, da me akwatin nema zai yi aiki?

Yawanci da `LIKE '%kalma%'`. A teburin kayan kanti mai layi dubu biyar ba wanda zai ji bambanci. A babban rumbu kuwa akwai shi sosai: a gwajin da masu SQLite suka yi da wasiƙun imel 517,430, neman kalma ɗaya ya ɗauki kusan daƙiƙa 0.03 da FTS3, ya ɗauki 22.5 da `LIKE`, yayin da fayil ɗin ya tashi daga megabait 1453 zuwa 2006. Wurin da ake samu da saurin da ake rasawa ke nan.

Sakamakon ma yana canzawa. `LIKE` guntun rubutu yake nema, ba kalma ba: "ido" zai kawo Lamido, "uwa" zai kawo ruwa da kasuwa. Babu jera sakamako bisa dacewa. A SQLite kuma rashin damuwa da babban harafi ko ƙarami ya tsaya ga haruffan Turanci, don haka "ƙasa" ba zai kama "Ƙasa" ba, `lower()` ma ba zai taimaka ba in ba a haɗa injin da ICU, kunshin kula da haruffan harsuna daban-daban, ba. Idan da lambar kati, lambar waya ko farkon suna ake nema, fihirisa ta yau da kullum da `LIKE 'Abdul%'` ta isa, muddin ginshiƙin yana da `COLLATE NOCASE` a SQLite, ko fihirisar tana da `text_pattern_ops` a PostgreSQL.

Girman fihirisar ne kawai matsalata. Akwai tsaka-tsaki?

Akwai, a FTS5. Koma `content='takardu'` don kada rubutun ya zauna sau biyu. Sannan zaɓin `detail`: a wani gwajin na masu SQLite da imel na megabait 1636, fihirisar ta kai 743 da `detail=full`, 340 da `detail=column`, 134 da `detail=none`. Abin da ake rasawa shi ne neman jimla a jere da neman kalmomin da ke kusa da juna (`NEAR`), a `none` har da taƙaita nema ga ginshiƙi ɗaya. Ba a canza waɗannan a teburin da ke nan, sai an goge an sake ƙirƙira. Kafin ka yanke hukunci auna tukuna da `sqlite3_analyzer`; sau da yawa hotunan da aka cusa cikin rumbun ne suka cika fayil ɗin.

Zan loda tsofaffin bayanai masu yawa. Zan iya dakatar da shi na ɗan lokaci kawai?

Za ka iya, kuma ya fi sauri. A SQLite babu umarnin dakatar da tiriga, sai ka kwafi bayaninsu daga `sqlite_master` ka adana, ka goge su, ka loda bayanan cikin `BEGIN` da `COMMIT` guda, ka mayar da tirigogin, sannan:

`INSERT INTO takardu_fts(takardu_fts) VALUES('rebuild');`

Wannan na teburin da ke da `content='takardu'` ne. Kada ka tsallake shi: fihirisar da ba ta san sababbin layuka ba, in tirigar gogewa ta nemi cire abin da ba a taɓa sa mata ba, tana iya lalacewa har a fara ganin `database disk image is malformed`, alhali asalin teburin lafiya yake, kuma `rebuild` ɗin ne maganinsa.

A PostgreSQL goge fihirisar GIN, loda, ka sake gina ta bayan ka ɗaga `maintenance_work_mem` a wannan zaman. In ka dakatar da tirigar da `ALTER TABLE ... DISABLE TRIGGER`, sababbin layuka za su shigo da ginshiƙin `tsvector` fanko, sai ka cika su da `UPDATE` kafin gina fihirisar. A SQL Server sa `CHANGE_TRACKING` a `MANUAL`, in an gama ka gudanar da `START UPDATE POPULATION`, ka mayar da shi `AUTO`. A MySQL goge fihirisar ka sake ƙirƙira bayan lodi. Tun da `FTS_DOC_ID` yana nan, InnoDB ba zai sake gina teburin ba.